Guduma Bai Yi Haushi Ba

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yan matan makarantar da suka hana ki leƙo mu. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai ƙafar Goggonki, wadda kullum da safe sai an lallashe ta kafin ta yarda ta taka ƙasa. Ni kuwa kunne sai gaba yake yi. Injin yankan katako ya cinye na hagu tun tuni, yanzu ya fara lasar na dama. Don haka ki daina ɓata muryarki a waya. Ke kina can kina ihu, ni ina nan ina cewa "to, to", ban san me na amsa ba. Tunda direban da ke kawo mini katako ta bakin makarantarku yake bi, mu riƙe takarda, ita ba ruwanta da kunne.

Ɗan kwikwiyon da kika aiko ya iso lafiya a cikin kwali, yana rawar jiki, bai fi takalmina ba. Na gode, Allah ya yi miki albarka. Ni da mahaifiyarki kaka kawai muka haɗa, amma kin tuna da ni lokacin da na jikina ba su tuna ba. Tun da aka ɓalle shagon nan aka kwashe mini kayan aiki, hankalina bai kwanta ba. Ina son karen da in ya buɗe baki, ko ni ban ji ba, layin nan duka zai ji. Na sa masa suna Guduma.

Na ga inda kika rubuta cewa kada a bar shi ya fita sai an gama yi masa allura. Nan kam bakinmu ya zo ɗaya. Akwai wani tsohon mai gadi da na taɓa yi wa ƙyaure, shi ya koya mini yadda ake yin kare mai zafi. Ya ce tun yana ƙarami a sa shi wuri mai duhu, kada ya ga kowa, kada kowa ya shafa shi, hannu ɗaya ne zai riƙa ba shi abinci. Ranar da aka sake shi, duk wanda ya gani abokin gaba ne, ban da mai wannan hannun. Karen da ya saba da mutane, in ɓarawo ya zo, wutsiya zai kaɗa masa.

To kin san sitona, wanda ke bayan injin, inda nake ajiye guntayen katako da gwangwanayen fenti. Ba shi da taga, ƙyauren kuma ni na yi shi, haske ba ya shiga sai ta ƙasa. Na share gefe guda, na shimfiɗa masa buhu, na zuba garin katako. Safe da yamma nakan buɗe in tura masa kwano in rufe. Dogo, mai taya ni aiki, ƙato da gemu, ya so ya riƙa ɗaukarsa kamar jariri, na ce ahir ɗinsa.

Ki gaida uwar kwikwiyon, ki ce mata ɗanta ma ya shiga makaranta.

Kawunki kafinta.

*

Zuwa ga Kawu,

Wa'alaikumus salam. Ina gaisuwa da ban girma. Allah ya ƙara wa Goggo sauƙi, a ce mata ta rage tsayuwa, ko da yake na san ba za ta ji ba. Ni lafiya ƙalau, sai mura da ta zagaye ɗakunan kwanan yara ta biyo ta kaina.

Kawu, don girman Allah ka buɗe siton nan. Da na karanta wasiƙarka sai da na nemi wuri na zauna. Abin da na rubuta shi ne kada ya fita titi, inda karnukan bola suke, kafin allurarsa ta cika. Ban ce a rufe shi a duhu ba. Tsakar shagonka ai ba titi ba ce.

Ban san tsohon mai gadin nan ba, ba kuma zan zage shi ba. Amma malamin noma namu, wanda kiwon dabbobi ya karanta, ya ce 'yan watannin farkon nan su ne komai. Abin da kwikwiyo ya gani, ya ji, ya shinshina a lokacin, shi zai ɗauka duniya. Abin da bai gani ba kuwa, in ya girma ya ci karo da shi, tsoro zai ji. Kare mai gadi sai ya san yadda mutanen kirki ke shiga da fita kafin ya gane wanda ya shigo da wata manufa. Wanda bai taɓa ganin kowa ba, da me zai gwada?

Ga 'yar uwarsa nan da na riƙe. Yara sun sa mata Alli, don ta cinye mini rabin kwalin alli ta fito da baki fari fat. Ranar da ta fara jin ƙararrawar makaranta, ƙarƙashin gadona ta ruga ta yi fitsari. Washegari ta tsaya bakin ƙofa. Yanzu in an buga, ita ce kan gaba zuwa ɗakin cin abinci, ta fi shugabar ɗalibai kiyaye lokaci. Ana ja mata kunne, ana goya ta, mai dafa abinci na korar ta da tsintsiya, uwarta na danne ta in ta cika cizon wasa. Duk karatu ne. Shekaranjiya wani mutum ya tsallako ta bayan shinge, wannan 'yar abar ta tsaya ta yi ta haushi da muryarta kamar usur har mai gadi ya fito.

Kuma Kawu, bayan inji? Ni da nake mutum, in na shigo shagonka ana yanka, sai in ji kaina zai rabe. Kunnen kare ya fi namu nesa ba kusa ba.

Ka bar Dogo ya ɗauke shi. Ka bar shi ya kwanta inda ake wucewa, ya ga masu zuwa karɓar kaya, ya ji wari da muryoyi. Ba raini ba ne, roƙo ne, kuma lokacin ba ya jira.

'Yarka Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Goggonki ta ce a gaya miki ta ji, kuma ba za ta zauna ba.

Wasiƙarki ta daɗe a aljihun motar direba, don ruwa ya yanke hanya, motar kuma ta kwana biyu a wurin gyara. Da ta iso na karanta, na ninke, na danne ta da gwangwanin ƙusa na bar ta ta huce, don da zafi ta zo. Ashe yanzu malamin noma ne zai koya mini riƙon kare. Kin rubuta kada ya fita, ban fitar da shi ba, yanzu kuma na zama mai laifi. Wannan Allin taku da ake goyo, ki bari ta girma, za ki ga ɓarawo ya goya ta shi ma ya tafi da ita.

Ke da tela bakinku ɗaya. Kin san shi, wanda shagonsa ya haɗa bango da sitona, ƙanin mai filin da muke haya. Kwanakin baya kullum sai ya shigo, tef ɗin awo a wuya, ya tsaya gabana yana motsa baki. Rannan na kashe inji na ce, "Me ka ce?" Ya ce, "Karenka, malam kafinta! Kuka yake tun safe, yana yaƙushin bango. Na kasa yankan kirki, jiya na ɓata wa mutum hannun riga." Na ce, "Ni ban ji komai ba." Ya ce, "Ai shi ne!" Na ce in kukan kwikwiyo ne ke ɓata masa ɗinki, to dā can wa yake yi masa kuka? Ya fita yana tsaki, wannan kam na gani ko ban ji ba.

To ga albishir. Telan da kansa ya zo ya ce kukan ya tsaya. Dogo ma ya ce ko motsi ba a ji. Kin ga ya yi hankali ke nan, ya bar yarinta. Yanzu in na buɗe ƙyaure, ba ya rugowa yana tsalle kamar dā. Yana can kusurwa bayan gwangwanaye, idanu kawai ke ƙyalli, ba ya taɓa kwano sai na rufe. Ya yi tsawo, ga ƙafafu manya. Mai allurar dabbobi ya zo, sai da muka jefa masa buhu a ka mu biyu kafin aka yi. Mutumin ya fita yana share gumi, ya ce bai ji daɗin abin da ya gani ba. Na ce ɓarawo ma ba zai ji daɗi ba.

Saura kaɗan in fara sakinsa in an tashi aiki. In kin sami hutu ki zo ki gani da idonki, ki taho da malamin noman.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, jarrabawa ce ta sa mu gaba, takardu sun cika mini tebur har ba inda zan ajiye kofi. A gaida Goggo.

In maganata ta zo da zafi ka yafe ni. Amma wannan ma ba zan iya sanyaya ta ba. Na karanta albishir ɗinka na rasa inda zan sa kaina. Kawu, ba hankali ya yi ba. Ya kira, ya kira, ba wanda ya zo, sai ya daina kira. Ina da yarinya a aji wadda haka ta zo mana, ba ta tambaya, ba ta kuka, malamai na yabon natsuwarta. Sai da muka bincika muka gane a gidan da ta taso in ta yi magana ba mai amsawa. Shirun nan tsoro yake ba ni.

Abin da ya fi ci mini rai, tela ya gaya maka. Mutum ya bar kekensa ya zo har gabanka ya ce dabba na kuka, ka mai da shi abin ba'a. Na san ba ka ji, kuma ba kai ka ɗora wa kanka ba. Amma shi ya sa ya kamata ka ari kunnen mai ji.

Karen da ke maƙalewa a kusurwa, ba ya cin abinci gaban mai ba shi, sai an rufe masa kai kafin a taɓa shi, wannan ba jarumi ba ne. Irinsa ma ya fi hatsari, don in aka matse shi ba wurin gudu, haƙori ne kaɗai ya rage masa. Kuma ɓarawo ba ya bin kare lungu ya miƙa masa hannu. Mai tausayi ne ke yin haka.

Kada ka sake shi lokaci guda, kada kuma ka ci gaba da rufe shi. Ka riƙa barin ƙyauren a buɗe in an kashe inji, kowa ya yi harkarsa, kada a kira shi, kada a jawo shi. Ko zai gyaru duka ban sani ba, malamin noma kai kawai ya girgiza da na ba shi labari.

Ba zan sami zuwa ba sai na gama duba takardun nan. Ji nake kamar in watsar da su in hau motar katako. Ni na sa shi a kwali da hannuna, yana lasar yatsana, ina ce masa za ka wurin Kawu, za ka ji daɗi.

'Yarka.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Jikinmu lafiya, hankali ne ba kwance ba. Direba ya miƙo mini wasiƙarki ina dawowa daga asibiti, aikin gama ya riga ya gama.

Ga abin da ya faru. Na tafi sa wa wani gida ƙofofi, aikin ya ja ni har la'asar. Dogo kuma ya fita sayo ƙusa ya yi zamansa. Rana ta yi zafi ƙwarai, rufin siton kuma kwano ne. Tela ya ce ya ji haki ta bango kamar ana hura zugazugi. Ya zagayo da ruwa a kofinsa na sha, ya zare sakata, ya tsuguna, ya miƙa hannu cikin duhu yana cewa zo, zo. Guduma ya kama hannun. Na dama, Auta, tsakanin babban yatsa da manuni, daidai inda almakashi ke zama. An yi masa ɗinki da allurai, likita ya ce zai warke amma yatsan zai daɗe bai lanƙwasu ba. Kayan mutane na nan jibge a shagonsa.

Da aka fara gaya mini, na ce a raina to ga aiki ya fara. Sai Dogo ya ce, "Wane aiki, maigida? Kowa ya bi tela asibiti, sito a buɗe, shago a buɗe, da wani ya so da ya kwashe mu tas. Bai fito ba, bai yi haushi ba. Je ka gan shi." Na je. Yana bayan gwangwanaye, ya yi kashi a inda yake kwance, jikinsa sai karkarwa yake.

Mai fili ya zo da kansa, ya kuma ɗaga murya yadda ko ni na ji kowace kalma. Ya ce, "Ko kare, ko shago. Ƙarshen wata in na zo na tarar da shi, ka kwashe injinka." Ya ce mata da yara na zuwa awo wurin ƙaninsa, ba zai jira a cire wa wani fuska ba. In ni ne ma haka zan faɗa. A wurin nan na yi furfura, Auta. Duk wanda ya san ni, a nan ya san ni.

Goggonki ta ce kare ba zai taka mata tsakar gida ba, balle mai cizo. Na nuna wa wasu masu gadi, suna leƙa shi suka ce a'a. Mai allura ya ce akwai allurar da ake yi wa kare, ya yi barci ba tashi, ba zafi.

To ke kika aiko shi. Makarantarku da fili, ga uwarsa, ga 'yar uwarsa. Ki karɓe shi. Zan haɗa akwati mai shan iska direba ya kawo miki. Ki ba ni amsa a dawowar motar nan, kada ki tsaya yi mini darasi.

Kawunki.

*

Kawu,

Na gaishe ka. Ka duba mini tela, ka ce ina yi masa sannu, Allah ya mai da masa hannunsa. Ni lafiyata lau.

Ban tsaya darasi ba. Ina gama karantawa na tafi ofishin shugabar makaranta da takardar a hannu. Na so in ɓoye maganar cizon, har na fara, sai na kasa. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Malama, karen da ya ciji babban mutum za ki kawo cikin 'ya'yan mutane? Waɗannan da in sun ga kare sai sun rungume shi?" Na ce zan killace shi a bayan gidana. Ta ce, "Wato a sake rufe shi ke nan." Na juya na fita. Na bi malamin noma, ya ce yana da tagwaye masu rarrafe. Na bi mai gadi, na bi mai dafa abinci, har mai kawo mana itace na tare a hanya. Duk wanda ya ji an ce ya ciji mutum sai ya ce Allah ya kyauta.

Don haka amsar ita ce ba zan iya ba, kuma ban taɓa rubuta abin da ya ƙona mini rai kamar wannan ba. Ina rubutun nan Alli na kwance a kan ƙafata, ta yi ɗai-ɗai, ciki sama, ana buga ƙararrawar shiga aji ko kunne ba ta ɗaga ba. Ciki ɗaya, nono ɗaya. Da ita hannuna ya ɗauko ranar da direba ya zo, da ita ce yanzu a bayan gwangwanayenka.

Ba zan ce ka bar shagonka ba. Ba ni da wannan bakin, da shi kake riƙe gida. In har abin da mai allura ya faɗa shi ne ya rage, abu ɗaya nake roƙo. Kada a jefa masa buhu a ka, kada a ja shi waje da igiya gaban mutane. Kuma kada ka bar wa Dogo ka tafi wani aiki. Ka shiga ka zauna da shi har a gama. Kai kaɗai ya sani a duniya, ko da hannu da kwano ne kawai ya sani.

Kada ka rubuto mini yadda aka yi. Ka ce an gama, ya isa.

Auta.

*

'Yata Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An cire wa tela zare, ya fara riƙe almakashi da dabara, ya ce yana amsawa. Goggonki ba ta yi mini magana, amma tunda ba ji nake ba, asarar ba ta da yawa.

Kin ce kada in ba ki labari. Zan bayar, ki yi haƙuri.

Mai allura ya ce zai zo da hantsi. Na yi yadda kika ce, na shiga siton kafin ya iso, na ja ƙyaure, na zauna a ƙasa. Sitona ne, amma ban taɓa zama a ciki da ƙofa a rufe ba. Ko tafin hannuna ban gani ba. Ga warin fenti, ga zafi. Dogo bai san ina ciki ba, ya zo ya tarar da katakon wani tebur na jira, ya kunna inji.

Auta, na daɗe da daina jin injin nan, a wurina kamar ƙudan zuma ne daga nesa. Amma a cikin siton ba da kunne ake jin sa ba. Bangon ne ke rawa. Ƙasa na rawa, gwangwanaye na tafiya da kansu, na ji shi a haƙorana, na ji shi a ƙashin bayana. Na laluba don in tashi, hannuna ya taɓa bayan Guduma, na ji ya cusa kai cikin kusurwa iya ƙarfinsa kamar zai huda bangon. Bai cije ni ba. Dogo bai gama yanka katako ɗaya ba na bugi ƙyaure da ƙafa na fito. Guduma kuwa a nan ya girma.

Da mai allura ya iso na ce ya koma. Ya ce, "Ka tabbata? Irin wannan ba ya gyaruwa duka." Na ce na ji. Na je wurin mai fili na ce zan kwashe. Ya dube ni ya ce, "Saboda kare?" Na ce saboda kare. Telan ma ya fito da hannu a naɗe yana cewa shi bai ce a kashe ba, bai kuma ce in tashi ba. Amma wan nasa ya riga ya furta, ni ma na furta.

Injin na bar wa Dogo, ya sami wuri a wani layi, in ina da babban yanka zan kai masa. Na kwaso benci da zarto da Guduma na dawo bayan gida, ƙarƙashin rumfa, don Goggonki ta ja layi da tsintsiya ta ce daga nan ba ya wucewa. Masu ba ni aiki rabi ba su san inda na koma ba, rabin kuma sun ji an ce akwai kare mai cizo. Ƙananan kujeru nake yi yanzu da gyaran ƙafar tebur, aikin da na bari tun ina saurayi. Kada ki ɗauka daɗi nake ji. In na bi ta layin na ga wani na fentin shagona, sai in ji kamar in zauna a ƙasa. Kuma kada ki rubuto ki ce kin faɗa mini.

Gadi kam babu. Na kewaye rumfar da ragar waya don kada a maimaita na tela, ga iska ga haske, amma bai san abin da zai yi da su ba. Ƙarƙashin wani tsohon tebur ya zaɓa, can ciki. In kaza ta wuce sai ya ƙanƙame. Inuwar tsuntsu ma firgita shi take. Goggonki ta gaya wa maƙwabciyarta, ita kuma ta gaya mini, har yau ba wanda ya ji muryarsa. In na dube shi sai ya kau da kai yana lasar baki, in na miƙa hannu sai ya daskare. Sai na lura in na ba shi baya ina aiki, yakan fito da kai. Don haka na juya bencina, yanzu katanga nake fuskanta wuni guda kamar ɗalibin da kika hukunta.

Jiya da la'asar ina goge ƙafar wata kujera, na ji wani abu mai sanyi ya taɓa mini dunduniya. Ya ɗauke, ya sake taɓawa. Wuyana har ciwo yake don son in waiga. Ban waiga ba, Auta. Na ci gaba da goge ƙafar nan har ta fi 'yan uwanta siranta. Kujerar ta lalace, sai dai in yi wata.

Kawunki.